Rigar Saje da Tumbin Kwamanda

A layin mai aka ƙulla cinikin da zan ba ku labari yau, ni ne kuma shaida, don a irin wannan layi babu abin da mutum ba ya zama. Na ga an sasanta rigimar gado a layin mai. Na ga wanda ya shiga da baƙin gemu ya isa bakin famfo da furfura. Ranar ina jan tsohon babur ɗina taku-taku, maƙwabcina Saje yana gabana da jarkar man injin niƙan matarsa, rana ta gasa mana ƙeya har mun daina zagin kowa mun koma hirar duniya, sai ga wata baƙar mota ta keto layi tana jiniya, ta wuce mu kamar mu ne kwalta, ta tsaya a bakin famfo. Gilashi ya sauka a hankali, irin saukar da ake yi don talaka ya ji ƙamshin sanyin ciki.

Ɗan unguwarmu ne. Mun san shi tun yana bin motocin masu neman ƙuri'a yana tafi da ihu. Yanzu Allah Ya ɗaga shi, an naɗa shi Kwamandan Rundunar Ko-ta-kwana ta Magudanan Ruwa. Kada ku yi dariya. A da kwamiti ake kafawa, kwamiti ya zauna, ya sha shayi, ya watse. Da aka ga mun gane kwamiti, sai aka koma runduna. Shara tana da runduna, sauro yana da runduna, ramukan titi suna da tasu, kowace da kwamandanta da jiniyarta. Yaƙin ne dai har yau ba mu ga an fita ba.

"Baba Saje, ashe ana ganinku," in ji Kwamanda.

"Ana ganinmu, ranka ya daɗe, ga mu nan a layi. Ku ne ba a gani."

"Rigar nan taka ta fareti, mai lambobin yabo a ƙirji, tana nan kuwa?"

"Tana cikin akwati. Asu ma ya san darajarta, bai taɓa ta ba."

"Aronta nake so. Hoto zan ɗauka na ratayawa a ofis. Ka san kwamanda ba ya cika kwamanda sai an gan shi a bango."

"Ofishin naku ba ya ba da riga?"

"An ba da kwangilar ɗinkin, ka san aikin hukuma. Kuma mai hoto ya ce lambobin kasuwa ƙyallinsu irin na murfin kwalba ne, ido yana ganewa. Na gaske su ne masu ɗan duhu, irin naka."

Saje ya kalli jarkarsa. Bari in gaya muku abin da yake aunawa. Saje tsohon soja ne, ya ba aikin nan ƙuruciyarsa da haƙoransa da kunnensa na hagu. Fanshonsa kuwa kamar watan ashirin da tara yake, sai a yi ta leƙe ana cewa wasu sun gani a wani gari. Abin da ke riƙe da gidan shi ne injin niƙan matarsa, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo. Injin yana cikin wata rumfar kwano da ta jingina da katangar gidan, katangar kuma tana bakin wata kwata da ta toshe tun kafin a haifi wasu masu aure yanzu. Duk damina ruwa yana lasar gindin katangar nan, yana cin ta kaɗan-kaɗan. In ta faɗi, rumfa ta faɗi. In rumfa ta faɗi a kan inji, tukunyar gidan ta kife.

"Ka gyara mini kwatar ƙofar gida kafin ruwa ya sauka," in ji Saje. "Riga taka ce har ka gama hotonka."

"Haba Baba, ai wannan aikinmu ne."

"Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake roƙo."

Kwamanda ya miƙo hannu ta taga, Saje ya kama, aka ce in shaida, na shaida. Aka cika masa tanki, aka cika wasu jarkoki a bayan motar, ya yi gaba da jiniyarsa. Da layi ya zo kanmu, mai famfo ya ɗaga hannu ya ce mai ya ƙare. Muka juyo, ni ina turin babur, Saje yana kaɗa jarka babu komai, amma da alkawari a aljihu. Na ce masa alkawarin manya ba ya tayar da inji. Ya ce mai nutsewa ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Ranar hoto tare muka je, Saje ya rungumo rigar a cikin tsohon zanen gado kamar mai kai jinjiri asibiti. Shagon mai hoton wani siririn ɗaki ne a bayan kantin magani. A bango an rataya ƙyalle mai zanen ginshiƙai da kantar littattafai. Ga kujera mai hannuwa masu kan zaki, ƙafarta ɗaya an tokare da bulo. Ga takobin katako da aka shafa wa fentin azurfa, ga farar safar hannu, ga ƙwallon taswirar duniya wanda ɓera ya cinye rabin wata nahiya. Mai shagon kowa Kar-ka-motsa yake ce masa, ya tsufa yana ɗaukar manya, kuma shi ya koya mini karatun da ban samu a makaranta ba, wato yadda ake gina girma a cikin firam.

"Ƙaramin soja," in ji shi, "tsaye ake ɗaukarsa, ƙafa a haɗe, hula a ka, yana kallon na'ura ido cikin ido kamar wanda ake tuhuma da satar kaza. Na tsakiya yakan zauna, ya ɗora hula a gwiwa, don a san ya kai matsayin da yake hutawa. Babba kuwa ba ya kallonka."

Na ce, "To wa yake kallo?"

"Can nesa, ta gefe. Inda makomar al'umma take."

Na bi yatsansa da kallo don in ga makomar al'umma. Wata matacciyar fanka ce a kusurwa, gizo-gizo ya yi mata rawani.

"Ni kuma durƙusawa nake in ɗauke shi daga ƙasa," in ji shi. "Daga nan duk wanda ya kalli hoton, ko a kan bene yake tsaye, daga ƙasa yake kallo. Ƙofofin hanci zai fara gani, su ne ke sa ladabi. Safar hannu ba a sa ta, riƙe ta ake, don a san hannun nan ba ya taɓa datti, in ma zai taɓa da shiri. Ɗaya hannun a kan littafi."

"Littafin me?"

"Katako ne. Ba buɗewa za a yi ba."

Har ƙusar ratayawa, in ji shi, tana da ƙa'ida. Dole ta kasance ƙasa da ta maigidanka da tafin hannu, amma sama da agogon bango, don a san lokaci a ƙarƙashinka yake. Ya ce ya san wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa inda mota ba ta zuwa, ba don ya ci amana ba, ai wannan ba ya kai mutum ko'ina, sai don firam ɗinsa ya fi na shugabansa kauri.

Na waiwayi Saje na ce, "Kai fa, wane iri aka yi maka?"

"Na katin shaida," in ji shi. "Shi ma an kama ni ina ƙifta ido."

Kwamanda ya iso, aka warware riga, aka zo sawa. Nan aka ga ta kansa. Saje mutum ne kamar sandar rake, fareti da jiran fansho sun tsotse shi. Kwamanda kuwa, tubarkalla, kujera ta karɓe shi. Hannu ya shiga da ƙyar, kafaɗa ta shiga da addu'a, amma maɓallan gaba suka tsaya suna hangen ramukansu daga nesa kamar dangin da kogi ya raba. Aka ce ya haɗiye ciki. Ya haɗiye, cikin ya ce bai san zancen ba.

Aka aika aka kira telan layin, wanda muke kira Sai-gobe. Akwai wandona a wurinsa da na kai tun ina da sauran haƙoran taunar ƙashi. Ranar na san yana iya aikin yau a yau. Ya farke igiyoyin saje daga hannun riga ya jefa a aljihu, ya jera anini a kafaɗa har wuri ya ƙare. Kwamanda ya tambaya ko wane muƙami ne wannan, Sai-gobe ya ce shi dai ya sa iya abin da kafaɗa ta ɗauka. Ya ciro igiyar labule mai ruwan zinare da tuntunta ya lanƙwasa ta daga kafaɗa zuwa ƙirji. Sannan ya juya rigar, ya buɗe almakashi, ya ɗora a kan ɗinkin baya.

Saje ya riƙe masa hannu.

"Me za ka yi?"

"Tsagawa zan yi, Baba, daga wuya zuwa ƙasa. Sai a ɗaure da igiyar takalmi. Gaba ya haɗu ke nan."

"Duk shekarun da na yi a aikin nan," in ji Saje a hankali, "babu wanda ya taɓa ganin bayan rigar nan a guje."

"Hoto gaba yake ɗauka, Baba," in ji Kar-ka-motsa. "Babu wanda ya taɓa zagayawa bayan hoto."

"Ka tuna kwata," in ji Kwamanda.

Saje ya saki hannun. Ya fita waje ya tsaya yana karanta tallan maganin basir a ƙofar kanti, shi da ba ya son karatu, har aka gama. Ƙarar almakashin nan a cikin yadi mai kauri, ni kaina sai da na ji ta a gadon bayana.

Amma jama'a, in an girma a faɗi gaskiya, hoto ya yi kyau. Da na je ofishin rundunar in tuna musu zancen kwata, na shiga na tarar da shi a bango, sama da agogo, ƙirji cike da lambobin Saje, ido yana can wajen matacciyar fanka. Ni da na san bayan rigar, ni da na san takobin katako ne, ban san lokacin da hannuna ya kai ga hula ba. Duk wanda ya shigo da faɗa a bakinsa, da ya ɗaga kai sai muryarsa ta koma ta mai neman aro. Shi kansa Kwamanda ya daina zuwa ofis, don me zai zo? In ka ce kana son ganinsa, sai akawu ya nuna bango ya ce, "Ga shi nan." Na ga wata tsohuwa ta tsaya gaban hoton ta zayyana masa yadda ruwa ya shiga ɗakinta, ta gama ta yi godiya ta fita. Amsar da ta samu daidai take da wadda za ta samu a wurin Kwamanda kansa, kuma ba a sa ta jira ba. Wannan ci gaba ne, kada mu zama marasa godiya.

Riga kuwa ba ta dawo ba. An ce sai an yi bikin buɗe kwata, da ita za a yanka kirtani.

Kuma abin mamaki, an zo gyaran. Kada wani ya ce manyanmu ba sa cika alkawari, ni shaida ne. Sai dai wanda ya fara isowa ba injiniya ba ne, Kar-ka-motsa ne. Ya tsaya a tsakiyar titi, ya haɗa yatsunsa ya yi 'yar taga, ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya ce, "Daga nan zuwa nan." Leburori suka ja layi daga nan zuwa nan. Suka haƙa, suka kwashe dattin, suka zuba siminti, suka shafa farin fenti a baki. Tsakani da Allah aiki ya yi kyau, mutum zai iya shimfiɗa tabarma a ciki ya yi barci. Hagu da dama kuwa, inda idon na'ura bai kai ba, kwatar tana nan yadda kakanninmu suka bar ta, cike da leda da matattun takalma. Aka kafa allo mai hoton Kwamanda, allon ya fi aikin tsawo.

Ranar buɗewa sama tas take, babu ko gajimare, amma Kwamanda ya fito daga mota da rigar ruwa a kafaɗa. Ya juya, ya dinga ja da baya direbansa yana ce masa "zo, zo, ya isa", kamar ana ajiye tirela, har bayansa ya manne da katangar Saje. Sannan direba ya zare rigar ruwan. Aka yanka kirtani, aka yi tafi, waɗanda aka kawo don tafi suka koma motarsu.

Saje ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan in ya shiga nan, ta ina zai fita?"

"Wannan kashi na biyu ne, Baba," in ji Kwamanda, idonsa yana can nesa. Tun ranar hoton nan bai ƙara kallon abin da ke kusa da shi ba.

Da yamma muka ji Gwaggo tana faɗa a tsakar gida, wai wani mara tsoron Allah ya shigo ana cikin hayaniya ya yanke mata rabin igiyar shanya, shuɗiya, sabuwa fil, ya zubar mata da wanki a ƙasa. Muka ba ta haƙuri, muka ce ɓarayin yanzu ba su da zaɓe.

Ruwa ba ya karanta allo. Kafin gyara, in an yi ruwa, yakan bazu a titi kowa ya samu rabonsa, wani zuwa idon sawu, wani zuwa ƙwauri, adalci dai gwargwado. Bayan gyara sai ruwan unguwa ya samu adireshi. Duk ya taru a sabuwar kwatar, ya rasa hanyar fita, ya kwanta a gindin katangar Saje kamar baƙon da aka yi wa shimfiɗa. Wata rana da la'asar, ana tsaka da ruwa, katangar ta yi wani nishi irin na tsoho zai zauna, ta zauna. Rumfa ta bi ta, ta rufta a kan inji. Allah Ya taƙaita, Gwaggo ta shiga ɗaki ɗauko leda ke nan. Muka taru muka ɗaga kwano da bulo, muka jawo injin, bakinsa ya lanƙwashe, belinsa ya tsinke. Bakanike ya duba ya ce zai rayu amma sai ya yi jinya. Gida kuwa ya koma filin Allah. Mai wucewa a titi yana ganin abin da ke kan murhu, yana ganin wanda ya fito daga banɗaki da buta. Saje ya zauna a kan tarin bulo.

Manyanmu, Allah Ya saka musu, ba sa wasa da jaje. Gyara yakan yi musu wuya, amma jaje a jininsu yake. Bayan kwana kaɗan sai ga jiniya. Aka sauke kayan agaji, bokiti da tabarmin roba, kowanne da hoton Kwamanda a jiki, don wanda gidansa ya rushe ya san fuskar da zai gode wa. Titi ya cika da 'yan kallo. Tsakar gidan Saje kuma cike take da matan unguwa da dangin Gwaggo da suka zo taya ta jimami.

Kwamanda ya fito da rigar ruwansa a kafaɗa, haɓa a sama, ido a wajen makomar al'umma. Ya san wurin, ai ya taɓa tsayawa. Ya juya ya ja da baya zuwa daidai inda ya tsaya ranar buɗe kwata. Da ya kalli ƙasa ko sau ɗaya, ko ya waiwaya, da ya tuna abin da ya kawo shi jaje. Amma babba ba ya kallon kusa. Direba ya zare rigar ruwa kamar yadda ya saba, ya nufi mota da ita.

Daga titi, jarumi ne tsaye, anini yana walƙiya, lambobi suna rawa a ƙirji. Daga tsakar gida kuwa, inda nake tsaye da bulo a hannu, riga ce a wangale daga wuya zuwa ƙugu, singileti mai huji a tsakiya, nama ya kumburo ta tsakanin ɗauri kamar katifar da aka ɗaure a saman motar haya. Ɗaurin kuma ba igiyar takalmi ba ce. Wannan ta tsinke tun ranar buɗe kwata, don kujera ta ci gaba da karɓar Kwamanda. Shuɗiyar igiya ce, sabuwa fil.

Gwaggo ta ajiye tsintsiya, ta matso, ta sunkuya ta duba ƙullin da kyau, don ba ta son zalunci.

"Malam," ta ce da mijinta, "zo ka ga inda igiyar shanyata ta samu aikin hukuma."

Sannan ta ɗan taɓa kafaɗar Kwamanda ta baya.

"Ɗan nan, in ka gama yaƙin ka dawo mini da abata. Wankina a kan murfin rijiya nake shanya shi."

Dariyar ta fara daga wajen murhu, ta bi ta kan matan nan kamar wuta a busasshiyar ciyawa. 'Yan titi suka ji, suka fara zagayowa su ga abin da ake gani. Kwamanda ya gane. Na ga gumi ya tsattsafo masa a ƙeya yana gangarowa ta cikin tsagar. In ya juya ya fuskanci gida, titi ya ga baya. In ya tsaya, gida yana gani. In ya ruga mota, kowa ya gani. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara, amma ban taɓa ganin an fassara maganar a tsaye da rana tsaka ba sai ranar. Kar-ka-motsa yana durƙushe a cikin laka da na'urarsa, bai san abin da ke faruwa a baya ba, shi dai yana ta faɗin sunan nan nasa, "Kar ka motsa!"

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Saje ya tashi daga kan bulo, ya ɗauki tabarma ɗaya cikin na agaji, ya warware ta, ya je bayan Kwamanda ya ɗaga ta da hannu biyu, ƙafa a haɗe, ƙirji a gaba. Ya tsaya a nan ya zama katanga har aka gama ɗauka, har direba ya dawo da rigar ruwa. Matan suka daina dariya da kansu.

Da mota ta tafi na ce masa, "Kai kuwa don me? Mutumin da ya rusa maka gida."

"Ba shi na rufe ba," in ji Saje. "Rigar na rufe."

Na ce to ai shi ke nan, aikin da ya yi duk rayuwarsa ne, tsare bayan manya. Ya ce aƙalla a da akan ba shi takalmi.

Hoton jajen ya fito, ya yi kyau shi ma. Manyan Kwamanda suka gani suka yaba, suka ce za su zo da kansu su ga wurin da ya yi wannan jarumtaka. Kwamanda kuwa ba ya faɗa rami ɗaya sau biyu. Kafin ranar, da sassafe, sai ga magina da bulo da siminti, babu takarda, babu kashi na biyu, babu jira. Ba Kar-ka-motsa ne ya yi awo wannan karon ba, Sai-gobe ne ya zo da tef ɗinsa na tela, don shi ya san faɗin bayan Kwamanda. Kafin azahar an tayar da katanga, mai ƙarfi, an yi mata shafe ta fuskar titi, faɗinta daidai faɗin Kwamanda da ɗan rara na tafin hannu kowane gefe. Tana nan tsaye yanzu ita kaɗai a ƙofar gidan Saje kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. Ta rufe murhu. Banɗaki dai har yanzu sai an yi gyaran murya a titi.

To wa ya ci, wa aka ci? Kwamanda an ƙara masa girma, an haɗa masa da rundunar ramukan titi, ana neman inda za a ƙara anini don kafaɗa ta cika. Kar-ka-motsa ya sayi sabuwar kujera mai ƙafa huɗu, don duk wani mai runduna yanzu layi yake bi a shagonsa. Sai-gobe ya zama gwanin tsaga baya, wandona kuwa yana nan sai gobe. Gwaggo ta yi asarar igiya da niƙan rabin damina, inji ya tashi amma da tari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi. Saje ya ba da riga da katanga, ya samu bokiti, da tabarma, da guntun bango. Ya kuma samu hoton da bai taɓa samu ba, don in ka duba hoton jajen nan da kyau, can a gefen tabarma, sama da kafaɗar Kwamanda, za ka ga kan yatsunsa. Lambobinsa a ƙirjin wani, shi kuma farce kawai. Gwaggo ta ce a haka ma ya fi na katin shaida kyau, tunda farce ba ya ƙifta ido.

Na ce masa ya je ya karɓo rigarsa. Ya ce a'a, a bar ta tukuna. Kwamanda zai dawo buɗe kashi na biyu, da na uku, kuma duk zuwa sai an sake awo. Shi ya sa, in kun zo unguwarmu kuka ji tsofaffi a kan benci sun ɗaga hannu suna roƙon Allah Ya ƙara wa Kwamanda lafiya da cin abinci, Ya buɗa masa ƙugu, Ya kare shi daga rama, kada ku ɗauka fadanci ne. Gini muke yi.